Yadda ake kwantar da mota da gajeren sifirin da shokar da ta dace da shi

Idan aka tsaya a gefen Toyota Corolla ƙirar shekarun 2003 zuwa 2008, wadda ta cika titunan Kano da Kaduna da Abuja, aka zura hannu tsakanin saman taya da leɓen bodi, yatsu huɗu sukan shige ba tare da sun taɓa komai ba. Wannan tazarar ce masu son ganin motarsu ta kwanta suke neman ragewa, wasu don kwalliya kawai, wasu kuma don motar ta rage rangaji idan ta sha kwana da gudu. Aikin bai fi ƙarfin mutum biyu masu kayan aiki ba, suna iya fara shi da hantsi su gama kafin la'asar, sai dai yana cikin ayyukan da kuskure ɗaya a cikinsu yake cinye sabuwar taya cikin ɗan lokaci, ko ya fasa kaskon man injin, ko ma ya ji wa mai aikin mummunan rauni. A kan wannan Corollar zan ɗora bayanin, saboda ita na fi sani, kuma tsarin ƙafafunta na gaba shi ne na yawancin ƙananan motocin da muke hawa.

Kafin a taɓa sifana ya kamata a rarrabe aikin sifirin da na shoka, domin mafi yawan ɓarnar da ake yi daga cakuɗa su take tasowa. Sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke bayan taya, shi ke ɗauke da nauyin mota, kuma tsawonsa da taurinsa su ne suke yanke tsayin da motar za ta tsaya a kai. Ita kuwa shoka ba ɗaukar nauyi ne aikinta ba, kashe tsallen sifirin take yi bayan taya ta faɗa rami ko ta hau tudu, ta hanyar tilasta wa man da ke cikinta ya bi ta wasu ƙananan kafofi duk lokacin da sandarta ta shiga ko ta fito. A ƙafar gaba ta Corolla an haɗe su wuri ɗaya: sifirin yana zaune a kan wani faranti da ke jikin shokar, daga sama kuma an rufe shi da wani farantin, sannan mauntin mai roba da boris wanda yake ba ƙafar damar juyawa tare da sitiyari. Sunan injiniyan Amurka Earle MacPherson wannan tsari ya ci, kamfanin Ford ya fito da shi a motarsa Consul a farkon shekarun 1950, kuma saboda sauƙin ƙera shi ya zama ruwan dare a Golf da Camry da Peugeot 406.

Gajeren sifirin da aka ƙera musamman don wannan aiki ba gajarta kaɗai ta bambanta shi da na kamfani ba, ya kuma fi shi tauri, tunda an rage nisan da taya za ta iya tafiya sama kafin ta kai maƙura, dole ne a ƙara masa ƙarfi don kada kaya kaɗan su danne shi. To sifirin mai tauri da ƙarfi yake dawowa bayan ya matsu, ita kuma shokar kamfani da sifirin mai laushi aka auna kafofinta, saboda haka ba ta iya riƙe shi yadda ya kamata, ga shi kuma sandarta ta koma aiki a can ƙasan bututu, kusa da inda tafiyarta take ƙarewa. Shi ya sa motar da aka sa wa gajeren sifirin a kan tsohuwar shoka take dinga tsalle kamar ɗan akuya, ba da jimawa ba kuma shokar ta fara yoyon mai.

Akwai masu kai motar wurin mai walda a yanke zagaye ɗaya ko biyu daga sifirin na kamfani, ko a gasa shi da wutar gas har ya zauna. Kada a bi wannan hanya ko da kuɗi sun yi ƙaranci. Gasawa tana kashe ƙarfin da aka ba ƙarfen a masana'anta, ya ci gaba da zama a hankali ba tare da ɓangarorin sun daidaita ba, wata rana kuma ya karye. Yanka kuwa yana cire bakin da aka siffanta don ya zauna daram a cikin faranti, kuma duk lokacin da taya ta rataya a iska sifirin da ya gajarce yana iya ficewa daga mazauninsa ya soki taya ko tiyon birki.

Yawan abin da za a rage

Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace nauyi, kuma tun kafin a sayi komai ake yanke ta. Ƙananan motoci irin Corolla suna fitowa da tazarar da ba ta wuce kimanin milimita 140 zuwa 160 ba tsakanin ƙasa da mafi kusancin wuri a ƙarƙashinsu, kuma duk milimita ɗaya da aka rage daga sifirin daga wannan tazarar aka cire ta. Kamfanin Eibach na Jamus yana da nau'in da ya kira Pro-Kit mai rage kimanin milimita 25 zuwa 40, da kuma Sportline mai ragewa fiye da haka, amma da shimfiɗaɗɗun titunan Turai da Amurka aka yi lissafinsu. A nan kuwa akwai tudun rage gudu da mutanen unguwa suke zubawa da siminti ba tare da awo ba, akwai gadar kwata a ƙofar gida, akwai ramukan da damina take buɗewa a watan Agusta, sannan da wuya a ga motar gida tana tafiya da direba shi kaɗai. Buhun shinkafa biyu a but kilo 100 ne, kafin a zo ga mutum uku a kujerar baya. Ni dai ra'ayina shi ne kada a wuce milimita 30 a motar da ake fita da ita kullum. Na taɓa kwantar da tawa da milimita 50, ta yi kyau ƙwarai a hoto, sai ranar da na ɗauko 'yan ɗaurin aure huɗu na hau wani tudu a cikin unguwa a giya ta ɗaya, na ji ƙarar ƙarfe a ƙarƙashin ƙafata, da na sauko kuma na tarar baƙin mai yana bin kwalta.

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya cin ko kwabo. A samo guntun katako mai kaurin abin da ake son ragewa, a cika motar da mutane kamar yadda aka saba fita, a tsayar da ita a mafi munin wurin da take bi kullum, wato mashigar gida ko tudun bakin layi, sannan a gwada zura katakon tsakanin ƙasa da kaskon mai, da salansa, da leɓen bamba. Idan katakon bai shige da sauran wuri ba, an samu amsa tun kafin a kashe kuɗi.

Akwai kuma dalili na ƙira da ya sa yawan kwantarwa yake ɓata tuƙi maimakon ya gyara shi. Idan aka leƙa ƙarƙashin gaban motar za a ga hannun ƙasa, wato faffaɗan ƙarfen da ya tashi daga jikin mota zuwa boljoyin, mahaɗin da ke kusa da taya, ya ɗan gangara zuwa wajen taya ko kuma yana kwance daidai. Muddin yana haka, kwantar da motar yana rage rangaji saboda nauyinta ya matso ƙasa. Da zarar an yi ƙasa da ita har hannun ya koma yana hawa sama zuwa wajen taya, sai motar ta fi saurin karkata gefe a kwana fiye da yadda ake zato, tayirod ma, wato sandar da ke juya taya daga sitiyari, ya karkace, sitiyari ya fara fizga da kansa duk lokacin da taya ɗaya ta taka tudu.

Sayen kaya

Sifirin huɗu ake saya a saiti ɗaya, wanda aka yi wa wannan mota da wannan shekara, a kuma duba girman inji da irin giya, domin nauyin gaban mota yana canzawa da su. Na gaskiya yana ɗauke da sunan kamfani da lamba a buge a jikin zagayensa, kuma kamfanonin Jamus irin su H&R sukan rubuta VA a kan na gaba, HA a kan na baya, abin da yake hana a musanya su a wurin aiki. Game da shoka, Bilstein tana da B8 wadda aka gajarta sandarta musamman don gajeren sifirin, yadda ko da taya ta rataya sifirin zai kasance a matse a mazauninsa, Koni ta ƙasar Holan kuma tana da nau'in Sport da ake iya ƙara masa tauri ko a rage, sai a bincika ko akwai na motar da ake aiki a kanta. KYB Excel-G da ta fi samuwa a kasuwanninmu daidai da ta kamfani aka yi ta, tana iya ɗaukar ragin milimita 25 zuwa 30 idan sabuwa ce, amma ba a yi ta don abin da ya wuce haka ba. Masu ƙera shoka sukan ba da shawarar a canza ta idan ta yi kusan kilomita 80,000, saboda haka motar da aka shigo da ita ta hannu, tana kan shokar da ta zo da ita, ba ta da abin da za a ɗora sabon sifirin a kansa.

Wanda zai sayi na hannu a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo ya jera sifirin biyu na gaba a ƙasa ya tabbata tsawonsu ɗaya, haka na baya, ya duba bakinsu ko akwai alamar yanka ko ƙunar wuta, ya kuma ƙi wanda tsatsa ta ci har ta yi masa ramuka. Shoka kuma a tsayar da ita a danna sandar da hannu, a ji tana turjiya daga sama har ƙasa babu inda ta zurma, sandar tana sheƙi babu ƙarzuwa, wuyanta kuma a bushe. Tunda za a kwance ƙafar gaba ɗaya, wannan ne lokacin canza mauntin da boris ɗinsa, da robar da ke rufe sanda daga ƙura, da robar maƙura da ke hana ƙarfe bugun ƙarfe, da robobin da sifirin yake zama a kai, domin babu mai son sake kwance aikin bayan wata guda saboda roba ɗaya. Akwai kuma shoka mai zare a jikinta irin ta KW da Tein, wadda ake murɗa farantinta a ɗaga mota ko a sauke ta yadda ake so, sai dai ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma ƙurar hunturu tana cushe zaren idan ba a wanke shi a kai a kai.

Kayan aikin su ne jak mai ƙarfi, da matokaran ƙarfe biyu aƙalla, da saitin sifana da soket, da alanki, da sifanar auna ƙarfin ɗauri, da tef na awo, da man sassauta tsatsa irin WD-40, da alƙalamin fenti, sannan uwa uba madannin sifirin, wato dogayen ƙusoshi biyu masu ƙugiya da ake matse sifirin da su. Bulo ba matokari ba ne, yana darewa ba tare da gargaɗi ba.

Ƙafafun gaba

A fara da awo. A ajiye motar a shimfiɗaɗɗen daɓe, a daidaita iskar tayoyi, a auna daga tsakiyar rim zuwa leɓen bodi a kowace taya, a rubuta lambobi huɗun tare da yawan man da ke tanki. Daga tsakiyar rim ake aunawa ba daga ƙasa ba, don kada iskar taya ta shiga lissafin. Idan da hali a fesa man sassauta tsatsa a kan notocin tun daren jiya.

A ja birkin hannu, a tokare tayoyin baya da katako, a ɗan sassauta notocin tayoyin gaba tun motar tana ƙasa. A buɗe bonet, a cire murfin robar da ke tsakiyar mauntin, a sassauta babban notin tsakiya da kwatankwacin rubu'in zagaye kawai, saboda yana da wuyar ɓallewa idan shokar ta fito waje. Rubu'in zagaye na ce, domin wannan notin shi kaɗai yake riƙe da ƙarfin sifirin gaba ɗaya. Daga nan a ɗaga gaban motar duka biyun, a zaunar da ita a kan matokarai a wuraren da kamfani ya tanada a gefen bodi, a girgiza ta a tabbata ta zauna, sannan a cire tayoyin a tura su ƙarƙashin motar don ƙarin kariya. Dalilin ɗaga ɓangarorin biyu tare shi ne sandar stabilaiza ta haɗa su, idan ɗaya yana sama ɗaya yana ƙasa takan murɗe ta hana linkej, wato ɗan ƙarfen da ya haɗa ta da shoka, fita.

A kwance notin linkej daga jikin shoka, idan ƙusar tana juyawa tare da notin a riƙe ta da alanki ta ramin da ke kanta. A kwance ƙaramar ƙusar da ta manna tiyon birki da wayar ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, a jikin shokar, a kau da su gefe a hankali, domin wayar siririya ce kuma tsinkewarta tana kunna fitila a dashbod. Sai manyan ƙusoshi biyu da suka haɗa ƙasan shoka da gwiwar taya, wato ƙarfen da ke ɗauke da hob da birki. Kafin a kwance su a ja layi da fenti a inda ƙarafan biyu suka haɗu, a kuma lura da ɓangaren da kawunan ƙusoshin suke kallo. A sa jak a ƙarƙashin hannun ƙasa ya ɗan tallafe shi, a cire notocin, a fitar da ƙusoshin da ɗan bugu ba tare da an lalata zarensu ba. Da zarar sun fita gwiwar za ta so faɗowa waje, kuma idan aka bar ta tana iya zaro shaf, wato sandar da ke kawo wa taya juyin inji, daga mahaɗinsa na ciki ko ta miƙe tiyon birki, saboda haka a ɗaure ta da waya a jikin bodi. A ƙarshe mutum ɗaya ya riƙe shokar daga ƙasa, ɗayan ya kwance notoci ukun da ke kewaye da mauntin a sama, a zaro ta a kula kada ƙasanta ya yaga robar shaf.

Yanzu aka zo wurin da ake jin rauni. Sifirin da ke kan shoka a matse yake da ƙarfin ɗaruruwan kilo, kuma na taɓa gani da idona a wani gareji an ɗaure shi da wayar gini maimakon madanni, wayar ta tsinke, mauntin ya tashi ya huda kwanon rumfa, yaron da ke riƙe da sifana Allah ne kawai ya kiyaye shi. A kwantar da shokar a ƙasa, kanta yana kallon bango ba mutum ba. A maƙala madannai biyun suna fuskantar juna, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan, kowanne ya kama zagaye da yawa gwargwadon iyawarsa, a shafa wa zarensu giris. A ɗaure wannan zagaye uku ko huɗu, a koma wancan a yi masa haka, ana yi ana duba ƙugiyoyin kada su zame su taru a gefe ɗaya, har sai sifirin ya saki farantin sama ana iya juya shi da hannu. A lokacin ne kaɗai ake cire notin tsakiya. A zare kayan ɗaya bayan ɗaya, a jera su a ƙasa bisa tsarin da suka fito, sannan a sassauta madannan a hankali kamar yadda aka ɗaure su.

Sabuwar shoka mai bututu biyu, irin KYB Excel-G, ana tsayar da ita a danna sandarta a sake sau huɗu ko biyar kafin a ɗaura, don man da ya gauraya da iska a ajiya ya koma wurinsa. A sa robar ƙasa, a zura robar maƙura da robar ƙura a sanda. Wasu masu ƙera sifirin suna umartar a ɗan rage tsawon robar maƙura, sai a bi abin da takardarsu ta ce, amma ko kusa kada a cire ta gaba ɗaya, wasu shokokin Bilstein na gaba kuma tasu robar tana ciki tun daga masana'anta. A matse sabon sifirin, wanda ba ya buƙatar matsi mai yawa saboda gajartarsa, a ɗora shi rubutunsa yana karantuwa a tsaye, bakinsa na ƙasa ya tokare a ɗan matakin da ke cikin faranti. Farantin sama yana da gaba da baya, Toyota takan buga masa alamar da ya kamata ta kalli wajen mota, kuma idan aka juya shi ba daidai ba sifirin yakan lanƙwashe ya dinga ƙara duk lokacin da aka murɗa sitiyari. A ɗora mauntin, a sa sabon noti, a ɗaure da hannu. Kada a sa bindigar iska a wannan notin, tana juya sandar da gudu ta lalata abin da ke cikin shokar, kuma kada a kama sandar da filaya, domin ƙarzuwa ɗaya ta isa ta yanke robar da ke tsare mai. A saki madannan a hankali ana kallon bakin sifirin sama da ƙasa.

Mayarwa juyin cirewa ne: a rataya shokar da notoci ukun sama ba tare da an ɗaure su tamau ba, a ɗaga gwiwa da jak har ramuka su haɗu, a mayar da ƙusoshi biyun a kan layin fenti, a mayar da tiyon birki da waya da linkej, sannan a ɗaure komai da sifanar awo bisa lambobin da ke littafin gyaran motar. A gama ɓangare ɗaya kafin a taɓa ɗayan, don a samu abin dubawa idan an manta tsarin wani abu.

Ƙafafun baya

Bayan wannan Corollar doguwar sanda ɗaya ce ta haɗa tayoyin biyu, sifirin kuma a kan shoka yake kamar na gaba, sai dai babu sitiyari babu shaf, don haka aikin ya fi sauƙi. A tokare tayoyin gaba, a ɗaga bayan a zaunar a kan matokarai, a tallafe sandar da jak, a kwance notin ƙasan shoka, sannan a buɗe shimfiɗar gefen but a kai ga notocin sama. Matse sifirin da haɗa shi daidai yake da na gaba. A motoci irin Golf 4, inda sifirin baya yake zaune daban da shoka, kwance ƙasan shokokin ake yi a sauke sandar da jak a hankali har sifirin ya saki, ana lura da tiyon birki kada ya miƙe.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa shi ne notin ƙasan shokar baya, da duk wata ƙusa da ta ratsa ta cikin bushin roba, ba a ɗaure su ƙarshe motar tana rataye. Robar bushin ba juyawa take yi a kan ƙusa ba, murɗewa take yi, don haka idan aka ɗaure ta taya tana lilo, da an sauke motar za ta kasance a murɗe dare da rana har ta yage, tana kuma iya hana motar sauka zuwa tsayin da ake so. A ɗaga sandar da jak har nauyin motar ya dawo kanta, ko a sauke motar a kan tudun katako, sannan a ɗaure. Mai son aiki ya yi kyau zai sassauta ƙusoshin bushin hannun ƙasa na gaba ma ya sake ɗaure su a sabon tsayin.

Bayan an sauke mota

A mayar da tayoyi, a ɗaure notocinsu a tsallake ba a jere ba, ƙarfin ɗaurin na Corolla kuwa 103 ne a ma'aunin Nm. A murɗa sitiyari zuwa maƙura dama da hagu ana leƙawa ko taya tana gogar roba ko bodi, a taka birki a ji ya cika, sannan a zagaya unguwa a hankali gilasai a sauke, rediyo a kashe, ana sauraron ƙara. Ƙwanƙwasa a kan ƙananan ramuka yawanci linkej ne ko notin tsakiya da bai ɗauru ba, ƙarar ɓallewa lokacin murɗa sitiyari kuwa sifirin ne bai zauna a matakinsa ba ko boris ya maƙale. A dawo a sake awo. Bambancin milimita kaɗan tsakanin dama da hagu ba abin damuwa ba ne, amma idan ya kai 10 ko fiye a koma a duba zaman sifirin.

Alaimen, wato daidaita saitin tayoyi, ba zaɓi ba ne. Kwantar da mota yana sa saman tayoyin gaba ya karkata ciki, yana kuma canza yadda bakinsu yake kallon gaba, kuma wannan na biyun shi ne mai cinye taya da sauri, ko da karkatarsa ba ta ganuwa da ido. A je a daidaita shi tun a ranar farko ko washegari, sannan a koma a yi cikakken alaimen na kwamfuta bayan mako ɗaya ko biyu, lokacin da sabbin robobi suka zauna, a kuma nemi a nuna lambobin kafin gyara da bayansa. Karkatar saman taya da ba ta wuce digiri ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba ana iya zama da ita, idan ta wuce haka ko ɓangarorin suka bambanta akwai ƙusa ta musamman mai siririn jiki da ake sawa a mahaɗin shoka da gwiwa don a samu wurin gyara. Tayoyin bayan wannan motar ba su da madaidaici, kuma kwantarwa ba ta canza su sosai.

Fitilun gaba ma sukan kauce, musamman idan gaba da baya ba su sauka daidai ba. A tsayar da motar mita 10 daga bango da dare, a kunna ƙaramar fitila, iyakar hasken ta kasance kimanin santimita 10 ƙasa da tsayin fitilar kanta. Masu tsofaffin motoci marasa ABS, irin wasu Golf 3, su lura da wani bawul da ke maƙale da sandar baya, wanda yake ƙara wa birkin baya ƙarfi idan mota ta yi nauyi. Shi tsayin mota kawai yake karantawa, saboda haka motar da aka kwantar yana ɗaukarta a matsayin mai cike da kaya, ya tura wa tayoyin baya birkin da ya fi ƙarfinsu har su kulle a jiƙaƙƙen titi, dole ne a sa wanda ya san shi ya sake daidaita shi.

Bayan kimanin kilomita 100 a sake bin notocin taya da na shoka da sifanar awo, bayan wata guda kuma a shafa tafin hannu a gefen ciki na tayoyin gaba a ji ko ya fara cinyewa ko ya yi kaifi-kaifi. Tudun rage gudu a karkace ake hawansa, taya ɗaya bayan ɗaya, a kuma saki birki kafin a taka shi, domin birki yana dulmiya gaban mota a daidai lokacin da ake buƙatar tazarar. Tsofaffin sifirin huɗun kuma a wanke su, a rubuta wa kowanne wurinsa da fenti, a ɗaure su a ajiye inda ruwa ba ya taɓawa, saboda ranar da za a sayar da motar yawancin masu saye za su fi son ta a tsayinta na kamfani.